Ƙofar Wutsiya ta Hagu

Mahjar, Jidda
Ranar Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Walid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, kai da direban tirela da akwatunan jirgin nan guda shida. Allah Ya tsare ka a hanyar Riyad, Ya raba ka da gyangyaɗin direba da raƙuman da ba su san kwalta ba, Ya haɗa ka da kafili, ubangidan da zai tsaya maka a takardu, mai tsoron Allah, da abokan aiki masu mutunci a filin jiragen da ka samu aiki. Ummanka tana gaishe ka. Ita za ta cusa takardar a jakarka, ƙarƙashin kwalbar yaji, kuma ba ta san abin da ke ciki ba. Ta ɗauka addu'o'i ne. Akwai addu'ar, amma ba ita kaɗai ba ce.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, na kuma san in kana karanta Hausa sai ka bi ta da yatsa kana motsa leɓe. Abin da nake so ke nan. In da Larabci ne, kallo ɗaya za ka yi mata ka ce halas, an gama, ka ninke. Ga shi kuma Larabcina na rubutu ka san shi, shi ne wanda wani ma'aikaci ya taɓa tambayata ko da ƙafa na cike takardar iƙama ta izinin zama. Bokon ma a aji huɗu na bar shi, don haka inda ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ga maganar tun kafin surutu ya ɗauke ni. Kada ka tashi jirgin da Kyaftin ya haɗa ya ba ka, kada ka bar kowa ya tashe shi, sai ka ɗora ƙofar wutsiya ta hagu a kan wuƙar awon nauyi ka sake gwada ta. Ku kuna da sunanta na Turanci, ni ƙofar wutsiya na san ta, tunda lilo take yi a kan mufassala kamar kowace ƙofa, ita ce mai ɗaga hancin jirgi ta sauke shi. Littafin jirgin ya ce nauyinta daidai yake, da sa hannun Kyaftin a ƙasa. Ranar da ya sa hannun gaskiya ya rubuta. Yanzu ba haka take ba, kuma ni ne dalili. Zan gaya maka yadda aka yi, sai dai ka yi haƙuri in faro daga nesa, don ni ko sayen burodi aka aike ni sai na bi ta bakin bahar.

Shekarata sha tara na shigo Jidda, na faɗa warsha, wato garejin wani Bayamane, Mu'allim Sa'id, Allah Ya ji ƙansa. Shi ya koya mini samkara, gyaran jikin mota da fenti. A wurinsa samkari na ƙwarai shi ne wanda mai mota zai koma gida da motarsa, matarsa ta zagaya ta ba ta gane an yi karo ba. Ka ga tun daga tushe, sana'ata ita ce a ga kamar ba a yi komai ba. Shekara arba'in ina wannan, ana yabona a kai.

Ina da shekara biyu a warshar wani maƙwabcinmu ya kawo tsohuwar motarsa, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofa har kana iya zura hannu. Abin da ya kamata shi ne a yanke wurin a sa sabon ƙarfe. Ni kuwa ina sauri in je kallon ƙwallo. Na dunƙule jarida na cusa a ramin, na bi da ma'ajun, ƙullun nan da muke shafe lotsawa da shi, na goge, na fesa fenti. Ta fito kamar amarya. Mutumin har shayi ya saya mini. Aka yi ruwan nan na Jidda da ke zuwa sau ɗaya a shekara ya rama na sauran watanni, sai ga shi ya dawo riƙe da wani ɓangare na ƙofarsa a hannu. Ya ce da ni ya gode, ya karanta labarin wasanni, amma shafin ƙarshe ya jiƙe, ko ina da sauran. Duk warsha aka yi ta dariya, har da ni. Da na ji kunya ranar da na amfana. Sai na mayar da abin labari, na yi shekaru ina ba da shi a majalisa, kai ma ka ji shi ya fi sau goma. Abin da ban taɓa haɗawa da labarin ba shi ne wannan: tsatsa ba ta san ka rufe ta ba, ci take yi. In ka yi kuskure a aiki mutane suka yi dariya, ka bari su gama, sannan ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka me ka yi. Ni wannan zaman ne ban yi ba.

Kyaftin Bashir kuwa, wanda kake kira Ammu Kyaftin, ta hanyar mota na same shi. Bahaushen Sudan ne da ya gama tuƙin manyan jirage ya yi ritaya, ya kawo mini motarsa an daki bayanta. Da ya zo ɗauka ya daɗe yana shafa fentin, sai ya tambaye ni ko zan iya fentin jirgin sama. Na ce masa ko jirgin ƙasa ne a kawo, in dai zai shiga ƙofar warsha. Ashe da gaske yake. Ya kai ni wani sito a Khumra, tsakanin masu ajiye tayil da masu ajiye shinkafa, na ga ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ya sayo a akwatuna daga waje, yana haɗawa da hannunsa shekara da shekaru. Lokacin kana makarantar ma'ahad kana koyon gyaran jirage, sai ranar Juma'a kake leƙowa, don haka rabin abin da zan faɗa a bakin mutane ka ji shi.

Ya ba ni ƙofofin wutsiya biyu in fara da su, ya tafi Madina kwana uku. Ya ce fenti shafi ɗaya, siriri. Na ce to. Da na dube su a hasken rana sai na ga kawunan ƙusoshi jere, ga 'yan ƙananan kwari a jikin alminiyam. Idon samkari ba ya iya barin wannan. Na ce a raina Kyaftin matuƙi ne, me ya sani a fenti. Na shafe su da ma'ajun tun daga sama har ƙasa, na goge, na sake shafawa, na fesa shafi uku, na ɗora mai ƙyalli. Walid, ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Kana iya aske gemu a jikinsu.

Da ya dawo bai ko kalli ƙyallin ba. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina a hannu.

"Usta Ɗanladi," in ji shi, "wannan ƙofar ta yi ƙiba."

Na ce shinkafar maƙwabta ce take shaƙa. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko ƙarafa biyu masu kaifi, waɗanda yake kira wuƙa, ya kafa su a tebur, ya ɗora ƙofar a kansu daidai layin mufassala, ya saki. Bayanta ya faɗi ya daki tebur, ƙwas. A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ba a yi mini a aji huɗu ba. Ya nuna mini ƙahon da ke gaban mufassala, inda aka zuba darma. Ya ce darmar nan aikinta ta riƙe nauyin da ke baya, yadda in an saki ƙofar za ta tsaya a kwance. In baya ya rinjayi gaba, to a ƙasa ba ka ganin komai, a sama ma da farko lafiya lau. Sai gudu ya kai wani wuri iska ta kama ta. Ya tambaye ni ko na taɓa bin wanit, motar nan a-kori-kura, a titin Makka, wadda tamfol ɗin bayanta ya kwance yana dukan kansa har ya yage. Na ce sau da yawa. Ya ce haka ƙofar za ta yi, sai dai ita ba ta ba ka lokaci, kafin ka gama salati wutsiya ta rabu da jirgi.

Kwana huɗu na yi da sanfefa ina kankare aikina mafi kyau a duniya. Abin da na koya, in na koya, shi ne kafin ka gyara abu ka tambayi me yake yi. Ni na tambayi yaya zai yi kyau. A wurin da za ka je za ka tarar da injiniyoyi da matuƙa, wasu za su ba ka umarnin da kake ganin shirme ne. Ka tambayi dalili, tambaya ba ta rage maka komai. Amma kada ka ce to da baki, ka juya baya ka yi naka. Wannan to ɗin ta fi gardama muni.

Da na mayar da fenti siriri muka sake ɗora su. Ta dama ta tsaya. Ta hagu ta ɗan sunkuya baya, kaɗan, amma Kyaftin ya ce kaɗan ɗin ma ba ya tashi da shi. Ana bukatar ƙarin nauyi a ƙaho, ƙahon kuwa ya cika da darma taf, ba wurin sa ko ƙwayar shinkafa. Nan fa babanka ya fara kawo shawarwari. Na ce a ɗaura guntun ƙarfe a waje da noti biyu. Ya nuna mini ratar da ke tsakanin ƙahon da jikin wutsiya, ko ɗan yatsa ba ya shiga, ya ce in ƙarfen nan ya maƙale a sama wa zai fita ya cire. Amma ban haƙura ba.

Ni a tunanina darma kamar kayan matafiyi ce, in akwati ya cika ka hau kai ka zauna sai ya rufu. Na ce zan narka sabuwa in zuba ta a mazubi daidai ƙahon, in daddanna ta da guduma ta matse, a samu nauyi ya ƙaru a wuri ɗaya. Ban gaya wa Kyaftin ba, so nake in ba shi mamaki. Na je wurin masunta na karɓo darmar ƙugiya cike da gwangwani, na yi mazubin da siminti, na narka ta a tsohuwar tukunyar ummanka wadda har yau take nema. Simintin bai gama bushewa ba, ga laimar Jidda. Ina zubawa abin ya yi tsartuwa ya watso. Ka tuna lokacin da na dawo gida babu girar dama, na ce muku injin walda ne? To darma ce. Allah Ya tsare idon. Wadda ta rage kuma na daka ta da guduma har hannuna ya sage, na ɗora a sikeli, nauyinta na nan yadda yake, faɗi kawai ta ƙara.

Kyaftin ya dubi fuskata ya tambayi inda girar ta tafi. Na ce ta riga jirgin tashi. Wannan karon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Usta, in wuri ya cika ba ƙarfi ake ƙarawa ba. Abin da ke ciki ake sauyawa."

Bayan mako biyu ya zo da wasu 'yan sanduna masu kaurin fensir, launin toka, ya ce sunansu tangistan. Ya miƙo mini ɗaya da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na karɓa da yatsu biyu kamar sigari, sai da hannuna ya yi ƙasa. Ya ce in ka cika wuri ɗaya da shi, ya fi darma nauyi sau ɗaya da rabi har da ɗoriya. Dabarar ita ce a huda darmar da ke ƙahon, a fitar da kaɗan, a zura sandan a gurbin, a liƙe da gam mai ƙarfi yadda ba zai taɓa motsi ba. Wuri bai ƙaru ba, nauyi ya ƙaru. Ni da zan yi, da rami huɗu zan huda in cusa huɗu a wuce wurin. Shi kuwa sai ya fara manna guntu a saman ƙahon da salatif, ya ɗora a wuƙa, ya duba, ya rage, ya sake ɗorawa. Ya kashe fanka don kada iska ta taɓa ƙofar, muna ta zufa. Na ce a ƙara da yawa mana don a huta. Ya ce nauyin da ya wuce kima shi ma kaya ne a kan mufassala, kuma maƙeran jirgin sun rubuta iyakar da ba a wucewa. Kwana uku muka yi a kan abin da bai kai cikin cokali biyu ba. A rana ta uku ya saki ƙofar, ta yi ɗan lilo, ta tsaya a kwance kamar an shimfiɗa ta. Ya buɗe littafin jirgin ya rubuta, ya sa hannu, a ƙasa kuma ya rubuta sunana a matsayin mai fenti. Ban taɓa ganin sunana a littafin da ba na asibiti ba sai ranar.

Har nan duk ka san wani abu a ciki. Daga nan ne ba ka sani ba.

Ranar da ɓarin jikin Kyaftin ya shanye aka kwantar da shi, washegari da safe mai siton ya zo ya ce yana son rabin wurin, an kawo masa buhuna. Ka ce in jira ka sai Juma'a mu kwashe kayan tare. Na ce me za a jira, kayan da ba su kai ƙofar mota nauyi ba. Na ɗauki ƙofar wutsiya ta hagu ni kaɗai, ƙafata ta harɗe da wayar kwamfaresa, bakinta na baya ya sauka a kan kusurwar teburin ƙarfe. Ta lotsa daga ƙasa, wajen ƙarshe, faɗin tafin hannu.

Na tsaya ina kallonta. Da waya na ɗauka na kira ka, da magana ta ƙare ranar. Amma hannuna ya riga kaina. Na ɗauko ƙaramar guduma na fara bugawa daga gefe, alminiyam kuwa ba ƙarfen mota ba ne, yana miƙewa, sai wurin ya ƙara kumbura. Sai na danna shi ciki na ɗauko ma'ajun. Na ce shafi ɗaya kawai. Shafi ɗaya bai rufe ba, na ƙara. Launi ya bambanta, na fesa ƙofar gaba ɗaya. Kafin azahar ko ni da na yi sai na laluba nake gane wurin.

Da a nan na tsaya, da sai in ce maka jahilci ne. Ba jahilci ba ne. Da fentin ya bushe na ɗauko wuƙaƙen na kafa, na kashe fanka kamar yadda yake yi, na ɗora ta, na saki. Ta sunkuya baya a hankali, kamar mai gyangyaɗi a huɗuba, har ta taɓa tebur. Na sake ɗagawa na saki. Ta sake. Na gani da idona sau biyu. Sannan na naɗe ta a bargonta, na mayar da takardar da Kyaftin ya liƙa a kai mai cewa an gama, na sa ta a akwati.

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Na ce mutumin yana kwance, ba lokacin ɗaga masa hankali ba ne. Na ce in ya warke zan faɗa. Da ya fito bai warke ba sai na ce ai jirgin nan ba zai taɓa tashi ba, zai ruɓe ne a sito. Har na ji sanyi a raina da wannan tunanin, Allah Ya yafe mini, ina jin daɗin aikin ran mutum ya tashi a banza don kada a ga lotsawata. Wata goma sha ɗaya ina haka. Gaskiyar magana ita ce sunan nan da ke cikin littafi nake karewa, da kuma yadda kake kawo abokanka siton kana nuna musu kana cewa Abuya ne ya yi fentin.

Ummanka ta taɓa ce mini ni komai ma'ajun nake shafa masa, har faɗan da muke yi da ita. Ta ce in ta kawo magana mai nauyi sai in yi barkwanci, ta yi dariya ba don ta so ba, maganar kuma tana nan a ƙasa. Na ce mata ai shi ya sa aurenmu yake ƙyalli. Ka ga na sake yi. Kai ka gaji wannan bakin, na ji ka da ƙannenka. Ba laifi ba ne, ya buɗe mini ƙofofi da yawa a garin nan. Amma ka kula da lokacin da wasan yake zuwa maka da sauri fiye da kima, yawanci a lokacin akwai abin da kake gudu.

Sai ga Kyaftin ya kira ka ya ce ya ba ka jirgin, ka tafi da shi inda akwai fili da mufattishi mai duba jirgi kafin a ba shi izinin tashi, ka ƙarasa shi ka tashe shi. Ka dawo gida kana rawar jiki, ni na ce cikina ne ya ɓaci na shiga ɗaki. Abin da ke tsorata ni shi ne kai mai bin littafi ne, haka aka koya maka. Za ka buɗe ka ga sa hannun mutumin da ka fi yarda da shi a duniya, ka ɗaura ƙofar. Mufattishi ma zai ga shafin, ya ga fenti sumul, ya wuce. Aikina ya yi kyau har ya isa ya ruɗe ku duka.

Shekaranjiya Talata bayan la'asar na je unguwar Bagdadiyya gidan Kyaftin. Hajiya matarsa ta kawo shayi ta fita. Na fara da labarin wani Bamisire da ya kawo mini mota, na ga yana kallona da idon nan nasa, sai labarin ya mutu a bakina. Na faɗa masa komai. Ka san yanzu magana da ƙyar take fita masa.  Ya tambaya ko na ɗora ta a wuƙa. Na ce na ɗora. Ko ta faɗi. Na ce ta faɗi.

"Kuma ka naɗe ta," ya ce.

 Ya kira Hajiya ta ɗauko masa wani gwangwanin alewa daga durowa, ya tura mini shi da hannun da ke aiki. Sandunan tangistan ne guda huɗu da suka rage. Ya ce in gaya maka da bakina. Na ce zan rubuta.

"Matsoraci," in ji shi. Can kuma ya ce, "Rubuta. Amma ban da barkwanci."

Ka ga yadda na cika wannan umarnin ma. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Da zan fita dai ya ce in dawo Juma'a.

Na gwada faɗa da baki, kada ka ce ban gwada ba. Jiya da rana muna cin abinci na buɗe baki, daidai lokacin kana gaya wa mijin yayarka cewa babu mai fenti kamar Abuya daga nan har Yanbu. Abin da ya fito daga bakina shi ne miya ta yi gishiri.

To ga abin da za ka yi, kuma ka fi ni sani, ina faɗa ne don in sauke. Sandunan suna cikin safa a aljihun jakarka na gefe. Kada ka yi irin tawa ka cusa su kawai don a rufe magana. Ka fara juya ƙofar, ka ƙwanƙwasa ƙasanta da mukulli wajen ƙarshe, inda ka ji sauti ya mutu nan ne. Ka kankare ma'ajun ɗin duka har ka ga ƙarfe. Ka duba da kyau ko gudumata ta tsaga shi. Kyaftin ya ce in akwai ko shakka, a sauya fatar alminiyam ɗin gaba ɗaya, kada a yi faci. Bayan an yi fenti, ba kafin ba, ka ɗora a wuƙa, in tana son ƙari ka ƙara kaɗan-kaɗan, ka tsaya a iyakar da maƙeran jirgin suka rubuta. Ka gwada ta dama ma, ko da yake ban taɓa ta ba. Na san yanzu maganata ba hujja ba ce, kuma daidai ne.

Sai littafin. Kyaftin ya ce ka ja layi a kan shafin da ya sa wa hannu, ka rubuta abin da ya faru a ƙasa, ka nuna wa mufattishi. Ni kuma na ƙara da cewa ka rubuta sunana cikakke. Kada ka rubuta cewa ta lotsa a hanya, ko da yake tirela za ta ba ka wannan uzurin a banza, ni da kaina na yi tunaninsa. Sababbin abokan aikinka za su san abin da babanka ya yi tun makonka na farko. Ka yi haƙuri da wannan. Na auna kunyar da ranka, ba ta kai ba.

In ka ɗora ta a wuƙa ka ga yadda ta faɗi, ka kira ni ka gaya mini. In ba ka son jin muryata a ranar, ka kira ummanka ka ce mata ka gwada, ba sai ka yi mata bayani ba, ni zan yi mata yau in tirela ta tashi. Amma kada ƙafarka ta bar ƙasa a cikin jirgin nan kafin ɗayanmu ya ji daga gare ka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a ƙasa da sama. Allah Ya sa duk inda ka tashi ka sauka da ƙafafunka, Ya yi wa aikin hannunka albarka, Ya ba Kyaftin lafiya ya ga ranar. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka gai da direba. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗanladi samkari